Alheri da jimiri: abin da manzannin farko suka koya wa marasa ƙarfi

A daren 25 ga Disamba, 2025, ranar Kirsimeti, mutanen Jabo da ke Ƙaramar Hukumar Tambuwal suka ji wata ƙara da ba su taɓa jin irinta ba. Da gari ya waye aka ga ɓaraguzan makami a fili a bakin gari. Allah ya tsare, ba a rasa rai a wurin ba. Gwamnatin Tarayya ta ce maɓoyar 'yan ta'adda aka auna a yankin Tangaza, can arewa, ɓaraguzai ne kawai suka faɗo Jabo. Shugaban Amurka Donald Trump kuwa ya ce ya ba da umarnin harin ne a kan 'yan ISIS da yake zargi da kashe Kiristoci.

Ga manomin Jabo ko na Kebbe, wanda mai yiwuwa bai taɓa zama da Kirista suka yi doguwar hira a kan addini ba, sunan Kiristanci ya iso masa a wannan dare tare da ƙarar makami. Wannan ya sa wata tambaya ta cancanci a tsaya a kanta: shi addinin kansa, me ya koya wa mabiyansa su yi idan suna cikin tsanani? Amsar tana cikin wasiƙun da manzannin farko suka rubuta, kuma kalmomi biyu ne ginshiƙanta. Dukansu Bahaushe ya san su tun yana goye: alheri da jimiri.

Su wa suka rubuta, kuma wa suka rubuta wa?

A bakin Kirista Bahaushe, kalmar manzanni tana nufin almajiran da Yesu ya aika su yi wa'azi, waɗanda Musulmi suka sani da sunan Hawariyawa, tare da Bulus da ya shigo daga baya. Wasiƙunsu ne suka cika babban ɓangare na Sabon Alkawari. Bulus ya rubuta wa jama'ar Tasalonika wajen shekara ta 50 Miladiyya, ya rubuta wa ta Roma wajen shekara ta 57. Waɗanda ake karanta wa wasiƙun 'yan tsiraru ne da ke taruwa a cikin gidaje: masu sana'ar hannu, da bayi, da mata, da 'yan kasuwa, da attajirai jefi-jefi. Ba su da sarki ko runduna, kuma babu wata ƙasar waje da za su kai wa kuka.

Tsananin da suke ciki ya shiga littattafan waɗanda ba su bi addinin ba. Marubucin tarihi Bayahude, Josefus, ya ba da labarin jefe Yakubu, shugaban jama'ar Urushalima, a shekara ta 62. Tasitus, marubucin tarihin Rumawa, ya ce bayan gobarar da ta ci birnin Roma a shekara ta 64, Kaisar Nero ya ɗora wa Kiristoci laifin, ya sa aka yi musu kisan wulaƙanci. Tsohon labarin ikilisiya ya nuna a zamanin Nero ne aka kashe Bitrus da Bulus a Roma. Saboda haka duk abin da waɗannan mutane suka faɗa a kan haƙuri, sun faɗe shi ne wuƙa na kusa da wuyansu.

Kyautar da ba ta duba cancanta

Kalmar da aka fassara da alheri a Littafi Mai Tsarki na Hausa ita ce *haris* a harshen Girka, kuma asalinta kalmar yau da kullum ce: kyauta, tagomashi, godiya. A duniyar Rumawa kyauta tana da ƙa'ida. Babban mutum yana ba wanda ya cancanta, wanda zai iya rama masa da yabo ko goyon baya. A ba wanda bai cancanta ba, wauta ce a wurinsu. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari. Tsakanin ubangida da baransa akwai lissafin da ba a rubuta ba, kuma matan da ke biki da juna sun san abin da aka kawo musu, sun san abin da za su mayar idan rana ta zo. Karin maganar da ke cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, tana ɗauke da wannan tunani na cewa abin kirki yana komawa ga mai shi.

Bulus ya ɗauki wannan kalma ya juya ta. Masanin Sabon Alkawari John Barclay, a littafinsa na 2015 a kan Bulus da ma'anar kyauta, ya nuna cewa sabon abin da Bulus ya kawo shi ne kyautar Allah ba ta duba darajar mai karɓa. Ba ta duba asali, ko ilimi, ko 'yanci, ko yawan ibada. Bulus yana da dalilin faɗin haka daga rayuwarsa, domin da bakinsa ya amsa cewa ya tsananta wa Kiristoci kafin ya zama ɗaya daga cikinsu. Bitrus ma, bisa ga Linjila, ya yi musun sanin ubangidansa har sau uku a daren da aka kama shi, amma shi ɗin ne aka miƙa wa kiwon jama'a daga baya. Manyan masu koyar da alheri biyu, kowannensu ya san ba da hannu mai tsabta ya karɓa ba.

Wannan koyarwa ta haifar da rigima tun da wuri. Wajen shekara ta 49 aka yi taro a Urushalima a kan ko dole ne wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya, ya bi dukan shari'ar Musa, kafin a karɓe shi. Taron ya yanke cewa ba dole ba ne. Abin da wannan hukunci ya jawo yana da nisa ƙwarai, domin ya nuna mutum ba sai ya bar harshensa da ƙabilarsa ba kafin ya shiga. Da a ce an yanke akasin haka, da wuya a sami Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932.

Sai dai kyautar da ba ta nemi cancanta ba tana neman amsa. Bulus ya yi shekaru yana tara gudummawa daga jama'ar Makidoniya da Koranti domin matalautan Urushalima, mutanen da masu bayarwar ba su taɓa gani ba, kuma da wannan kalma ta alheri ya kira gudummawar. Wasiƙar Yakubu ta fi kowa kaushin harshe a nan, inda ta kwatanta bangaskiyar da ba ta ciyar da mayunwaci da gawa. A taƙaice, wanda aka yi wa alheri ba don ya isa ba, ba shi da hujjar hana wani don bai isa ba.

Haƙuri iri biyu

A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya sa haƙuri cikin manyan halaye, tare da gaskiya da amana da karamci da kunya. Ba wanda zai musa. Mahaƙurci mawadaci, in ji Hausawa, kuma mai haƙuri yakan dafa dutse. Amma duk wanda ya taɓa bin haƙƙinsa a ofis ya san akwai wani haƙurin daban, wanda mai ƙarfi yake ba mara ƙarfi don ya rufe masa baki. «Sai haƙuri» takan zama ta'aziyya, takan kuma zama hanyar cewa a bar maganar.

Kalmar da manzanni suka fi amfani da ita, *hupomone*, tana nufin tsayawa a ƙarƙashin kaya ba tare da an yar da shi ba. Ta fi kusa da jimiri ko juriya. A wasiƙarsa ga Romawa Bulus ya jera abin kamar matakala: wahala tana horar da mutum ya jure, juriyar tana gwada ƙarfensa, wanda aka gwada kuma yana da dalilin sa zuciya. Yakubu ya kawo misalin manomi mai jiran ruwan fari da na ƙarshe. Manomin Tambuwal da ya yi binne kafin saukar damina ya fahimci wannan fiye da malamin jami'a, domin ya san jiran nan ba zaman kashe wando ba ne. An riga an yi sharar gona, an kai taki, iri yana cikin ƙasa.

Wasiƙar farko mai ɗauke da sunan Bitrus, wadda aka aika wa jama'ar Fontus da Galatiya da Kafadokiya da Asiya da Bitiniya, a ƙasar Turkiyya ta yau, ta gindaya wa wannan jimiri sharuɗɗa. Na farko, kada wahalar ta zama sakamakon laifin mutum. Ɓarawon da aka kama ba shi da ladan haƙuri. Na biyu, ba a rama zagi da zagi. Na uku, idan an tambayi mutum dalilin begensa, ya amsa da ladabi da tawali'u. Wannan ya fito ne daga alƙalamin da ke ɗauke da sunan mutumin da Linjila ta ce ya zare takobi a daren kamun Yesu, aka umarce shi ya mayar da shi kube.

Bayan wasu shekaru, wajen 112, gwamnan Rumawa na wannan yanki na Bitiniya, Filini, ya rubuta wa Kaisar Tarajan yana neman shawara. Ya ce yakan tambayi wanda ake zargi har sau uku ko shi Kirista ne, in ya dage sai ya sa a kashe shi, domin a ganinsa taurin kan kaɗai ya isa laifi. Da ya bincika abin da suke yi, abin da ya samu shi ne suna taruwa kafin fitowar rana a wata rana sananniya, su yi waƙar yabo, su yi rantsuwa ba za su yi sata ko zina ba, ba za su karya alkawari ba, ba za su ci amanar ajiya ba. Ya kuma faɗi cewa wasu sun ja da baya sun bar addinin. Jimirin bai zama na kowa ba ko a wancan zamani.

Duk da haka, jimirin manzanni bai hana neman haƙƙi ba. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin yadda aka yi wa Bulus da Sila bulala a Filibi ba tare da shari'a ba. Da mahukunta suka aiko a sake su a asirce, Bulus ya ƙi fita, ya ce shi ɗan ƙasar Roma ne, sai su zo da kansu su fitar da su. Daga baya, da ya ga shari'arsa tana neman karkacewa, ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar. Ya yi amfani da kowace ƙofa ta doka. Abin da ya hana mabiyansa shi ne ɗaukar fansa.

A nan kalmomin biyu suke haɗuwa, kuma jerinsu yana da muhimmanci. Alheri ne a gaba, jimiri yana biye. Mutum ba ya jurewa don ya sayi yardar Allah. Yana jurewa ne domin ya gaskata an riga an ba shi abin da mai tsananta masa ba zai iya ƙwacewa ba. Kuma tun da shi kansa an karɓe shi yana maƙiyi, ba zai iya yanke ƙauna daga maƙiyinsa ba.

Daga Kano zuwa Gimi

Ƙasar Hausa tana da nata labarin da za a auna wannan koyarwa da shi. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarin Alƙur'ani ya sa ya ba Annabi Isa wani matsayi na musamman a cikin koyarwarsa. Mabiyansa suka sami sunan Isawa. Ba Kiristoci ba ne, ba su taɓa ganin ɗan mishan ba, kuma malaman zamanin sun ɗauki koyarwar a matsayin ɓata. Bisa ga labarin da zuriyar mabiyansa suka riƙe, an kashe shi a kasuwar Kano bayan ya ƙi janye maganarsa, jama'arsa kuma suka watsu zuwa ƙauyukan iyakar Kano da Zazzau da wajen Ningi, suna riƙe da wasiyyarsa cewa wata rana wasu za su zo da ƙarin bayani a kan Isa.

A 1900 wata tawagar mishan ta CMS ta isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikinsu, Dokta Walter Miller, ya zauna a birnin Zariya daga 1905, ya yi shekaru yana aiki da 'yan mabiya ƙalilan. A 1913, fiye da shekara arba'in bayan mutuwar Malam Ibrahim, wasu samari biyu daga cikin Isawa suka zo wurinsa. Wasu daga cikin jama'arsu suka karɓi Kiristanci, wasu suka tsaya inda suke. Waɗanda suka karɓa suka kafa mazauni a Gimi, a ƙasar Zazzau, suka gina gidaje da makaranta da wurin ibada.

Da labarin ya ƙare a nan, da ya yi daɗin bayarwa a kan mumbari. Amma wurin da suka zauna yana da ƙudan tsando. Ciwon barci ya shiga cikinsu, ya kashe da yawa, cikin 'yan shekaru aka watse. Mutanen da suka jira shekara arba'in suka binne 'ya'yansu a wurin da suka ɗauka shi ne cikar alkawari. Idan bangaskiya ciniki ce, a ba da biyayya a karɓi lafiya da arziki, to Gimi asara ce tsantsa, kuma da kowa ya kama gabansa. Waɗanda suka tsira ba su ɗauke ta haka ba. Suka koma Zariya, 'ya'yansu suka shiga makarantar mishan, a 1929 kuma aka mayar da mishan ɗin Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausa.

Daga wannan ƙaramar jama'a ta Zariya da Wusasa aka sami mutanen da Arewa duka ta ci moriyarsu. Dokta Barau Dikko shi ne likitan zamani na farko daga Arewa, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. John Tafida ya rubuta *Jiki Magayi* tare da Rupert East. Farfesa Ishaya Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma zama ministan harkokin waje a Jamhuriya ta Biyu. Da yawa daga cikin marasa lafiyar da suka duba da ɗaliban da suka koyar Musulmi ne.

Amanawa

A ƙasar Sakkwato labarin ya bi wata hanya. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi kula da zangon kutare na lardunan Arewa bisa yarjejeniya da hukumomin En'e: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a kudu da birnin Sakkwato. A lokacin babu maganin kirki. Allurar man wani itace da ake samowa daga Indiya ake yi, mai zafi, amfaninta kaɗan, kafin ƙwayar dafson ta zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kutare a ƙasar Hausa suna da sarkinsu, suna kuma samun sadaka, amma ba su cikin waɗanda ake jin maganarsu a fada. Masaniyar tarihi Shobana Shankar, a littafinta na 2014, ta nuna cewa daga irin waɗannan zangogi ne aka sami wani ɓangare na Kiristocin farko 'yan ƙasa a masarautun Arewa, waɗanda suka zama ma'aikatan jinya da malaman makaranta da masu wa'azi.

Akwai inuwa a cikin labarin, kuma adalci ya sa a faɗe ta. 'Yan mishan sun shigo ne a ƙarƙashin tutar mulkin mallaka, Miller kansa yana da kusanci da Lugga, kuma sarakuna sun yi ƙorafi a kan yi wa yara marasa lafiya wa'azi a wurin da ba su da wani zaɓin magani. Manzannin farko ba su da gwamna a bayansu. Turawan mishan suna da shi, ko da sau da yawa gwamnan yana taka musu birki. Wanda ya fi kama da mutanen da Bitrus ya rubuta wa shi ne Bahaushen da ya rage bayan Bature ya tafi, wanda danginsa ke ganin ya bar gida, Kiristan kudu kuma yana mamakin jin sunansa.

Abin da ya rage a hannu

Tsoron da Kirista ke ji a wasu sassan Arewa ba ƙage ba ne. A watan Mayun 2022 wasu gungun mutane suka kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato bisa zargin ɓatanci, kisan da Majalisar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai da shi. Haka kuma 'yan bindigar da suka addabi gabashin Sakkwato da Zamfara, yawancin waɗanda suke kashewa da sacewa Musulmi ne manoma. Wuta ɗaya ce take cin gidaje biyu.

A irin wannan hali koyarwar manzanni tana da nauyi a kan mai bin ta. Ta ba shi damar kai ƙara, da neman shari'a, da faɗa wa mahukunta gaskiya a bainar jama'a, kamar yadda Bulus ya yi a Filibi. Ta hana shi murna da jinin wani, ta hana shi ɗora laifin mutum ɗaya a kan al'umma, wanda shi ne ainihin abin da Nero ya yi wa kakanninsa na bangaskiya. Ta kuma ƙaryata mai wa'azin da ke alkawarin cewa bangaskiya tana kore talauci da cuta, domin mutanen Gimi ba su gaza kowa bangaskiya ba.

Musulmin da ya karanta wannan ba sai ya yarda da tauhidin Bulus ba kafin ya gane halin. Ƙasar da ta san hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804 ta san abin da ake nufi da jama'a 'yar kaɗan da ta ƙi sayar da abin da ta gaskata. Saɓanin addinan biyu a kan Isa na gaske ne, kuma ladabi ba zai share shi ba. Amma wanda yake so ya san abin da maƙwabcinsa Kirista aka umarce shi da shi, wasiƙun suna nan da Hausa, kuma ana iya karanta mafi tsawonsu tsakanin la'asar da magariba.